Alli Kafin Almakashi

Assalamu alaikum Baba,

Ina fata kana lafiya, da Inna da Auta. Yaya gwiwar, tana barinka taka keken ɗinki? Ni lafiyata lau. Ɗakina ƙarami ne, cin abinci ni kaɗai kuma babu daɗi, amma kada Inna ta ji.

Albishirinka! Ka san ɗalibaina sun yi ta faɗuwa jarrabawar insha'i. Da an ce a fara sai su afka wa takarda kamar ana korarsu, lokaci ya ƙare ba su kai ko'ina ba. Har shugabar makaranta ta fara amsa gaisuwata a daƙile.

Sai na tuna da kai: ko mai kaya na tsaye a kanka, ba ka taɓa almakashi sai ka zana yadi da alli. Na ce musu, "Ku fara tsara abin da za ku faɗa a gefen takarda, sannan ku ɗinka, ku bar lokacin kalmasa, wato sake dubawa." Wata mai tsiwa ta ce, "Malama, agogo fa ba ya jira!" Na ce, "Sauri ya haifi nawa."

Ranar jarrabawa kowa ya gama, mai tsiwar har hamma take tana jiran ƙararrawa. Shugaba ta ce ina nan baɗi.

Ka sha cewa duk gidan ni ce ban gaji ɗinki ba. To Baba, janye maganarka! A aiko mini da guntun allinka in ajiye a teburina.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Mai-karya-allura