Ranar Tantance Baba

Zuwa ga Yaya Sirajo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da iyali. Mu nan ƙasar waje, a unguwar Wangsa Maju, lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. 'Yarku Afnan ta shiga makaranta, Hausarta kuwa sai addu'a.

Yaya, na saurari saƙonka cewa ba za ka kai Baba wajen tantance tsofaffin sojoji ranar Talata ba, kuma raina ya ɓaci. Irin maganganun nan na sha su ranar Juma'a a wani shagon abinci a unguwar Kampung Baru, daga bakin Tajuddeen, ɗalibin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa kamar ni. Wai ya san wani tsohon soja mai ƙarar da fanshonsa a caca, don haka duk halinsu ɗaya. Na ce masa ba a ƙone rumbu saboda wake ɗaya ya lalace. Ya ce in aka kula da sojoji, gobe malamai za su taso, jibi masu shara, har baitulmali ya ƙare. Na tambaye shi ina ya hango goben, tunda yau ɗin ma ba a ba kowa ba. Sai ya ce ai don ubana soja ne. Ƙwarai soja ne, amma faɗin haka bai rushe hujjata ba, bai kuma dawo wa Baba da ƙafar da ya bari a fagen daga ba.

Shi bare ne, na yafe masa. Kai kuwa ka ce bara an je an dawo hannu wofi, don haka bana ma wahalar banza ce. Yaya, bara latti kuka yi, kuka tarar an tashi. Ka kuma ce Baba da kansa ya zaɓi aikin, sai ka ce wanda ya zaɓi aiki ya zaɓi a manta da shi. Ka san ƙa'idarsu: wanda bai je ya dangwala yatsa ba, a takarda ya mutu. Talata na wucewa za a goge sunansa, har da katinsa na asibiti.

Na kayar da Tajuddeen a gaban jama'a, amma daga nan hannuna ba zai kai ga keken guragun Baba ba. Ka gaida Inna da Anti Fatsuma da Shafi'u. Gaisuwar Baba kuwa ka riƙe ta tukuna, ka isar masa ranar Talata kuna cikin layi.

Ƙanwarka,
Ruƙayya