Baba Ya Yafe, Yaya Ba Ta Yafe Ba

Zuwa ga Hajiya Lauya, shugabar ayarin lauyoyin da suka ziyarci makarantarmu a zangon karatun da ya wuce.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki. Allah ya saka muku da alheri bisa tattakin da kuka yi har wurinmu.

Hajiya, ba ki san ni ba. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a wata sakandare ta kwana a Birnin Kudu, gidanmu kuma yana wani ƙauye kusa da Kwandiko, a ƙaramar hukumar Gwaram. Ranar da kika yi mana jawabi ina zaune can baya. Da kika ce mai tambaya ta ɗaga hannu, ina da tambaya, amma ba irin wadda ake yi gaban ɗalibai da malamai ba ce, don kowa zai gane daga gidanmu ta fito. Sunanki ma ban ji shi sosai ba saboda ƙarar lasifika. Shi ya sa na rubuta wannan a buɗe, ko Allah zai sa wanda ya san ki ya kai miki. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Kin gaya mana cewa macen da aka yi wa fyaɗe tana da hanya biyu. Ta farko, hukuma ta gurfanar da wanda ya aikata a hukunta shi. Ta biyu, ita da kanta ta shigar da ƙara ta nemi diyya, a biya ta kuɗin magani da asarar sana'a da cutarwar da aka yi mata. Kin ce ko ta farko ta toshe, ta biyu tana iya buɗewa. Kin ce akwai lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, akwai kuma waɗanda aikinsu shi ne su zauna da mutum su saurare shi har hankalinsa ya dawo jikinsa. Na haddace maganarki kamar darasin jarrabawa, na tafi da ita gida. Ga abin da na tarar.

Na ɗaya. Abin ya faru ne da yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Zan kira ta Yaya kawai. Aurenta ya mutu, ta dawo gida ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa roƙon Baba ko sabulu ba, ita ce ma take haɗa mini garin kwaki da sukari duk lokacin da zan koma makaranta. Ranar kasuwar Gwaram takan ɗora jarkokinta a mota ta tafi. Mota ɗaya ce tak take shigowa ƙauyenmu, ta wani Alhaji ce, ƙanensa ke tuƙa ta. Bara, bayan kaka, wata ranar kasuwa ta kasance ita ce fasinja ta ƙarshe a hanyar dawowa. Direban ya kauce hanya. Ba zan faɗi fiye da haka ba.

Ina makaranta a lokacin, Inna ce ta ba ni labari da na zo hutu. Ta ce da Yaya ta shigo gida ba ta tambaye ta komai ba, kallo ɗaya ya ishe ta. Ta hura wuta, ta dafa ruwa da bagaruwa, ta gasa mata jiki kamar mai jego, ta wanke tufafin tas ta shanya a bayan rumbu inda ba mai gani. Abin da ta gada daga uwarta ke nan, da ƙauna kuma ta yi shi. Asibiti bai zo ran kowa ba sai da zazzaɓi ya kwantar da Yaya daga baya. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta ta yi mata kirki, ta ba ta magani, amma ta ja Inna gefe ta ce da an kawo ta tun ranar, kafin wanka, da an sami shaida, da kuma an ba ta rigakafin da ba ya aiki sai a kwanakin farko. Inna ta ce mini, "Ni na zaci 'yata nake wankewa, ashe shi na wanke."

Na biyu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na rubuta. Da magana ta fara yawo, mai unguwa ya tara dattawa a zaurensa don a yi sulhu. A wurinmu mata ba sa shiga wannan zama. Inna ta tsaya a bayan zana ta ji komai. Alhaji mai mota ya zo da ƙanen nasa, wanda ya zauna kai a sunkuye. Bai musa ba, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Alhaji ya fito da kuɗi a ƙunshe ya ajiye a kan tabarma gaban Baba, ya ce na magani ne.

Baba mutum ne mai gudun abin kunya. A ganinsa, idan ya miƙa hannu ya ɗauki ƙunshin nan, gobe za a ce ya sayar da mutuncin 'yarsa. Sai ya ture shi da bayan hannu, ya ce shi ba ya cin irin wannan kuɗi, ya yafe saboda Allah. Dattawa suka yi ta sa masa albarka, aka shafa fatiha, Alhaji ya mayar da ƙunshinsa aljihu. Wajen fita wani dattijo har cewa ya yi, "An yi sa'a ma bazawara ce, da budurwa ce ai da abin ya yi muni." Yaya tana kwance a ɗaki, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta ko ta yafe.

Hajiya, ban rubuta wannan don in tozarta mahaifina ba. Shi har yau ya yarda ɗaga darajar 'yarsa ya yi, kuma a garinmu ana misali da shi wajen dattaku. Amma ki dubi abin da kowa ya tashi da shi daga zauren nan. Baba ya tashi da yabo. Alhaji ya tashi da kuɗinsa. Direba ya koma kan sitiyari kafin wata kasuwar ta zagayo. Yaya ta tashi da ciwo, kuma sana'arta ta mutu, domin ba za ta iya shiga motar nan ba, idan kuma ta ɗauki babur kuɗin hanya ya cinye ribar. Titin ta ƙofar gidanmu ya bi. Duk safiyar kasuwa direban yana danna oda yana kiran fasinja, ita kuma tana ƙurya ta toshe kunne da filo. Wadda a da ake jin dariyarta daga gida uku, yanzu sai ta wuni ba ta ce uffan ba.

Na uku. Da na dawo hutu bayan ziyararku, na sami Yaya tana tsince wake, na zauna kusa da ita na karanto mata duk abin da kika faɗa. Ta daina tsintar, ta dube ni, abin da ta daɗe ba ta yi wa kowa ba. Ta ce, "To idan Baba ya yafe, ni ma na yafe ke nan?" Wannan ce tambayar da na kasa ɗaga hannu in yi, kuma a jawabinki babu amsarta.

Na ji nauyin tunkarar malaminmu na Islamiyya, sai na roƙi matarsa ta tambayar mini, a matsayin wata ce can. Ya aiko da cewa haƙƙi na wanda aka zalunta ne, kuma uba ba ya yafewa a madadin 'yarsa baliga. Na sake aikawa ko zai iya maimaita haka gaban mai unguwa. Matar ta dawo tana sosa ƙeya, ta ce Malam ya ce a gaishe ni, ya ce in tuna shi ma a motar nan yake kai hatsinsa kasuwa.

Kawuna, ƙanen Inna, ɗan acaɓa ne a Birnin Kudu. Shi ya yarda ya taimaka. Muka ce wa Baba asibiti za a koma, muka tafi da Yaya wata kotu. Ma'aikacin da muka tarar bai wulaƙanta mu ba. Ya tambayi takardar likita ta ranar da abin ya faru, muka ce babu. Ya tambaya ko an kai rahoto wurin 'yan sanda, muka ce a'a. Ya tambaya ko an yi sulhu. Da Kawu ya ba shi labarin zaure, sai ya ajiye biro ya ce, "To Malam, ai kun riga kun gama shari'arku a gida." Daga baya ya ce shi ba alƙali ba ne, mu nemi lauya.

Lauyan da muka samu ya faɗi kuɗin da za a fara ajiyewa, Kawu ya ce ko da ya sayar da babur ɗinsa sai ya ciwo bashi. Lauyan ya kuma ce tunda babu takardar likita, sai an sami shaidu daga cikin waɗanda suka ji direban bai musa ba. Hajiya, wane dattijo ne zai je kotu ya rushe sulhun da shi da kansa ya shafa wa fatiha? Lauyoyin kyauta kuwa, duk wanda muka tambaya sai ya ce sai Dutse, amma ba wanda ya san wace ƙofa ce. Kawu ya bar aikinsa ya je, aka yi ta tura shi daga nan zuwa can har aka tashi aiki. Da muka yi tambayar masu sauraron mutum, wani ya nuna mana sashen masu taɓin hankali. Yaya ta ja mayafinta ta ce, "A'a, kada su ƙara da cewa na haukace."

Labarin zuwanmu kotu ya riga mu isa gida. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Kawu, "Na yi magana gaban dattawa, so kake in zama ƙaramin mutum a garin ubana?" Ya daɗe ba ya cin abincin Inna. Yanzu ya yanke shawara, da zarar an gama kakar bana za a kai Yaya Kano wurin Gwaggo, ta riƙa taya ta aikin gida, wai ta huta da bakin mutane. Na san abin da hakan ke nufi. Ranar da ta bar garin nan, maganar ta mutu, ba wanda zai sake ta da ita. Na roƙe ta kada ta haɗa kaya sai na tambayo mata. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "To, 'yar boko, ina jira." An riga an gama yankan gero, saura dawa.

Kokena gare ki shi ne wannan, kuma ki yafe mini idan na yi rashin kunya. Kun zo kun gaya wa waɗanda ba su da ta cewa. A gidanmu, wadda take dafa ruwan zafi Inna ce, wanda yake magana a zaure Baba ne, dukkansu kuma ba su taɓa shiga ɗakin taron makaranta ba. Ni da kuka gaya wa, ko gaban Baba ba na iya ɗaga ido. Kun ba ni labarin ƙofa, na ɗauki marar lafiya na yi ta zagaye da ita, ban ga ƙofar ba. Da ban ji jawabinki ba, da Yaya tana nan a kan haƙurin da ta yi tun bara. Yanzu na sa ta jira.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kaɗan.

Ki amsa tambayar Yaya a fili, da Hausa, a rediyo idan zai yiwu, don Baba ba ya rabuwa da rediyonsa. Shin yafewar uba a zaure tana kashe haƙƙin 'yarsa a kotu? Shin wadda aka yi wa wanka kafin a kai ta asibiti tana da sauran hanya? Shin shekara guda ta yi latti?

Idan za ku sake fitowa, ku je wurin iyaye mata da ungozomomi ku gaya musu a fara kai yarinya asibiti kafin a ɗora tukunya. Ku je wurin masu unguwanni ku gaya musu kada a shafa fatiha sai an ji daga bakin mai abin. Ku gaya wa iyaye maza irin Baba cewa karɓar diyya ba sayar da 'ya ba ne, kuma ba su ne masu ƙin karɓa ba.

Idan da gaske akwai lauyan kyauta, a sa masa rana sananniya a Birnin Kudu ko Gwaram, mace idan da hali, a wurin da mutum zai shiga ba tare da duk kasuwa ta san abin da ya kawo shi ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka, ya tsare miki 'ya'yanki daga abin da muka gani, ya sa aikinki ya zama sanadin tsirarki gobe kiyama.

Ban sa rai sosai wannan takarda za ta same ki kafin a yanke dawa ba. Amma idan ta same ki, kuma amsar ita ce babu sauran hanya, don Allah kada ki lallashe ni kamar yadda ake lallashin ɗalibai. Ki faɗa mini a'a ƙarara, in je in gaya wa Yaya ta daina jira, in taya ta ninke kayanta.

Wassalamu alaikum.

Taki mai biyayya,
Wata ɗaliba daga yankin Kwandiko.