Takalmin Buba

Daren Laraba, Bulabulin

Dole sai na rubuta wannan.

Shekaranjiya maƙwabciyata Ya Falmata ta nuna min bidiyon wasu mutane, wai Sherpa, masu yi wa baƙi jagora a duwatsun ƙanƙara. Su ke fara hawa su ɗaura igiya, su sauko su ɗauki kaya, su sake hawa. Wasu can suke mutuwa. Ta ce, "Wane wahalalle ne zai hau dutse sau biyu?"

Haushi ya kama ni. Buba ƙanin maigidana ya hau. Daren da muka gudo daga Gwoza, shi ya bi da mu ta kan dutse. Silifas ɗina ya tsinke, ya cire takalminsa ya ba ni, ya koma ɗauko tsofaffi ƙafarsa a ƙasa. Tun daga ranar shiru.

Yau bayan magariba baƙuwar lamba ta kira daga Kamaru. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Matarmu, ina takalmina?"

Kuka na yi, dariya na yi, oho.

Na ciro shi daga ƙarƙashin gado na wanke. Yana bakin ƙofa, yana jiran mai shi.