Ranar da Na Tsaya Bayan Surukina

Maitumbi, Minna,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da jikoki baki ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya raba ki da hawan benen Agege da kike ta kuka da shi. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin Minna da kika sani, wanda tun da hantsi mutum ke fara neman inuwa. Cikin 'yarki Zuliha ya shiga wata na bakwai, ƙafafunta sun kumbura, amma a asibiti sun ce ba komai. Maƙwabciyata Hadassah, 'yar Kudancin Kaduna ɗin nan da ke sayar da kunu kusa da kaskon ƙosaina, ta ce lallai in gaishe ki. Na san za ki yi dariya ki ce wa ke rubuta takarda a zamanin waya. Sau uku ina ɗaukar wayar in kira ki ina ajiyewa, don abin da ke raina ya ƙi faɗuwa da baki. Shi ya sa na rubuta na ba Malam Suleiman mai kai doya daga Paiko ya miƙa miki.

Maganar ɗanki ce, ɗan farin nan nawa da kika goya har ya shiga aji uku kafin ki maido mini da shi. Kin dai ji ya ajiye aikin koyarwa ya shiga neman kansila a mazaɓarmu. Ba son girma ne ya kai shi ba. Kwatar bayan layinmu ce, wadda duk damina take cika ta shigo wa mutane har ɗaki. Ya gaji da rubuta takardun koke, ya ce gara ya shiga ciki ya gyara da hannunsa. Na ce Allah ya taimaka, ban ƙara komai ba. Ba a yi sati biyu ba sai ga Ndaceko, mijin Zuliha, shi ma ya fito neman kujerar, a jam'iyya ɗaya kuma. Danginsa mutanen Bida ne suka tsaya masa, suka ce sun daɗe a unguwar nan suna zaɓen wasu, bana nasu suke so. Dattawa sun zauna sau uku don ɗaya ya janye wa ɗaya. Kowa ya zo da ladabi, ya durƙusa, ya sha ruwa, ya tashi yana kan bakansa. Da Shekwolo, shugaban jam'iyya na mazaɓa, ya gaji, sai ya ce to a je 'yar tinƙe. Ko kin manta yadda ake yi, ba akwati ba labule. Kowane ɗan takara ya tsaya a fili, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna da rana tsaka kowa yana kallon kowa.

Ni kuwa kin san shekara tara ke nan ina riƙe da shugabancin matan jam'iyya a mazaɓar, ba don wani ilimi ba, don dai Allah ya ba ni murya kuma kowa yana bi ta gaban kaskona. Wata biyu, Yaya, gidana ya zama tashar mota. Waɗannan su fita, waɗancan su shigo, kowa yana leƙen fuskata ya ga inda na karkata. Na ce kada wanda ya manna mini fosta a bango, sai suka manna mini biyu, ɗaya a dama da ƙofa, ɗaya a hagu. Wadda ta fi shan wuya ita ce Zuliha. In ta zo gaishe ni, dangin miji su ce ta kawo wa yayanta rahoto. In ta yi shiru a gidanta, su ce tana saurare ne. Har ta daina zuwa, sai dai ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai laifi.

Ranar zaɓen na yi niyyar in ɗaure kaina da ɗankwali in kwanta in ce ciwon kai. Mata suka zo suka cika mini tsakar gida, suka ce in shugaba ba ta fita ba za a ce ta yi wa jam'iyya tawaye. Haka na ja ƙafa muka tafi filin makaranta. Muna isa na ga layin ɗanki ya miƙe har gindin mangwaro, ya fi ɗayan tsawo, ko makaho ya gane. Raina ya yi sanyi. Sai na hango Zuliha can ƙarshen layin mijinta, da cikinta, a rana, matan dangin mijin sun bar fili tsakaninsu da ita, ba mai yi mata magana. Na tsaya a tsakiya ina tunani. Na ce yanzu ni da furfurata in tafi in tsaya bayan ɗan fari, wanda ko sunansa ban taɓa kamawa ba, gari yana kallo? Me za a ce Inna ta koya mana? Ai kara ita ce ka bar naka ka tsaya wa na wani. Na kuma ce a raina ya riga ya ci, kai ɗaya ba zai rage shi da komai ba, ita kuwa yarinyar nan tsayuwata za ta rufa mata asiri a gidan aurenta. Sai na nufi inda take, na tsaya a bayanta, na sunkuyar da kai.

Ban waiwaya ba, Yaya, kuma wautar da na yi ke nan. Na manta ni ba kai ɗaya ba ce. Matan da suka rako ni suka biyo ni duuu, wasu ma da suka riga suka tsaya a layinsa suka ga shugaba ta nuna hanya, suka fice suka dawo. Mata ashirin da uku. Da aka gama ƙirga, da mutum goma sha ɗaya aka kayar da shi. Ana cikin ƙirgar ya juyo sau ɗaya, idonsa ya sauka a kaina, ya mai da kansa gaba. Da Shekwolo ya faɗi sakamako, ɗanki ne ya fara zuwa ya ba Ndaceko hannu, ya ɗaga hannun nasa sama mutane suna tafi. Bai yi gardama ba, bai ce a sake ƙirga ba.

Hadassah kaɗai ce a cikin ƙawayena ba ta bi ni ba, tana layin ɗanki har aka tashi. Da la'asar ta shigo ko zama ba ta yi ba, ta ce da Hausarta wannan kunya tamu wata rana sai ta kashe mutum. Ta ce da nata ɗan ne, da ganga za ta je ta tsaya a bayansa, wanda zai yi magana ya yi. Na ce ta fita mini daga gida, ta ƙi fita, ta zauna ta taya ni surfen wake. Sauran gari kuwa yabo suke ta yi. Duk wanda ya tsaya sayen ƙosai sai ya ce Hajiya ta yi dattako, irinku sun ƙare. Kowane yabo ji nake kamar an ɗiga mini mai daga kasko. Zuliha dai ta sami lafiya a gidanta, surukarta da kanta ta kawo mini busasshen kifi cike da kwando. Yana nan a rataye, na kasa sa shi a miya.

Da can kullum safiya sai ɗanki ya biyo ta wurin sana'ata, ya sa hannu a tire ya ɗauki ƙosai biyu ba tambaya, ya ce gishiri ya yi yawa, in daka masa tsawa ya tafi yana dariya. Bayan zaɓen kwana tara ban gan shi ba. Yanzu ranar Juma'a yake zuwa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa cikakkiya irin ta baƙo, ya tashi. Shekaranjiya na daure na fara yi masa bayani. Ya ce kada in damu, ba ya riƙe da ni. Ya ce tun yana yaro bai taɓa jin sunansa a bakina ba, ban taɓa jawo shi jikina a gaban mutane ba, amma kullum yana gaya wa kansa kunya ce kawai, abin da ke ciki daban ne. Ya ce ranar nan ya zaci zai ga abin da ke cikin. Ba da fushi ya faɗa ba, da ma ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Kin san abin da na ce masa? Na tambaye shi ya jikin matarsa.

Yanzu ba aiki ba kujera, yana ɗan koyar da yara a gida kafin Allah ya kawo wani. Ga babban zaɓe yana tafe, suna so in fito in tara wa Ndaceko mata. Na gaya wa Shekwolo ya nemi wata shugabar, ni na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ina tsoron kada yaron nan ya saba da gaishe ni daga bakin ƙofa har ƙasa ta rufe mini ido.

Abin da nake roƙo, ki kira shi. Ke yake sake wa fuska, ke kike iya kiran sunansa gaba gaɗi. Kada ki yi masa faɗa, ba shi da laifi, kada kuma ki wanke ni. Ki ce masa na yi kuskure, kuma na sani. Ki ce masa a layin wancan na tsaya, amma tun da aka fara har aka gama nasa layin nake ƙirgawa, ina kai ƙarshe ina sake farawa ko na tsallake wani. Na so in faɗa masa da bakina, Yaya, ban iya ba.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, da Dawuda da amaryarsa, da Kafayatu maƙwabciyarki mai kirki. Zuliha tana gaishe ki, ta ce ki sa ta a addu'a Allah ya sauke ta lafiya. Ni ma ki sa ni.

Taki ƙanwa,
Mariyamu.