Waƙar Rifkatu ta tsaya a rabi

Daren Talata, gefen Falgore

Ni na jawo wa kaina. Tun jiya Maman Rifkatu ta ce in adana caji, yarinyar ta kwana biyu tana koyon waƙar da za ta rera min yau daga Kaltungo. Ni kuwa, babban mai bishara, na miƙe ƙafa da rana ina sauraron ƙwallo a waya har batir ya yi ja. Kuma aka ci mu.

Da yamma na hau dutsen bayan coci, inda sabis yake zuwa in ya ga dama. Ta ce, "Baba, ka shirya?" Na ce na shirya. Tana tsakiyar waƙa wayar ta mutu. Na tsaya a kan dutse ina ta cewa "Ina jin ki, uwata," ba mai ji na sai awaki.

Da na sauko, maƙwabcina Jauro ya ga fuskata ya ce, "Fasto, wa ya rasu?" Na ce ranar haihuwata ce. Ya ce, "To ai tsohuwarka ce ta sha wahalar, kai me ka yi da za a yi maka waƙa?" Ya sa aka kawo min fura da nono. Na shanye.

Gwiwoyina ciwo suke, addu'ar ma a kwance na yi ta. Na san uwar ta ce mata laifin sabis ne. Gobe sai Doguwa neman caji, in faɗa wa yarinyar gaskiya, in roƙe ta ta sake min daga farko, in za ta yarda.