Ba Mai Ja Mini Sanda

Litinin, 3 ga Maris

Yau na sauka gidan 'yata Auta a birni. Gida dai ake ce masa, amma ɗakuna ne a saman wasu ɗakuna, a ƙarƙashin wasu kuma. Wani na taka kaina, ni ma ina taka kan wani, kuma ba wanda ya san sunan ɗan'uwansa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina malamin gona, yau ga ni a rataye tsakanin sama da ƙasa.

Ganin likitan ido kawai ya kawo ni. Na faɗa wa Auta a tasha, na sake faɗa a kan matakala: kafin ruwan farko ina gonata. Ta ce, "To, Baba." Na san wannan "to" ɗin. Irin na uwarta ne, Allah ya jiƙanta.

Alhamis, 6 ga Maris

Likitar yarinya ce, ko Auta ta girme ta. Ta sa na leƙa cikin wata na'ura, ina danna wani abu duk sanda na ga ɗigon haske. Ta ce hawan jinin ido ne. Ganin gefe ya riga ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Tsakiyar za a yi ƙoƙarin riƙewa, da maganin ɗigawa safe da yamma, da awo duk wata.

Na daɗe da sanin kamar ta cikin bututu nake kallon duniya, ban dai faɗa wa kowa ba ne. Rubutu ina ganinsa ras. Abin da ke gefena ne sai na juya kai gaba ɗaya.

Likitar ta ce, "Baba, ka daina fita kai kaɗai." Na ce mata na ji.

Mahaifina ya makance a ƙarshen rayuwarsa. Mutum ne da in ya yi gyaran murya gida ke yin tsit. Ni na riƙa kama bakin sandarsa ina jan sa, kuma na ga yadda yake sunkuyar da kai in mun zo wuce mutane. Ni kam ba mai ja mini sanda. Na rubuta, abin da na rubuta kuwa ya zauna.

Talata, 11 ga Maris

Surukina ya shigo da ƙasa a leda, wai sayowa ya yi don furannin baranda. Ƙasa! Na yi dariya har da hawaye. Na ce in na koma zan aiko masa da buhu kyauta, har da tsutsotsinta. Yaron kirki ne, shi ma dariyar ya yi.

Asabar, 15 ga Maris

Na fita ni kaɗai. Auta na wanki, na ɗauki sandata na sulale.

In ka sauka daga matakala ka yi dama, akwai doguwar katangar makaranta. Na ɗora hannu a kanta, ta kai ni har inda ta ƙare. Daga nan sai ƙarar mai walda, wadda ko kurma zai ji ta a haƙoransa. Gaba kaɗan ƙamshin gidan burodi ya tare ni. Sai kwalbati, sandata ta faɗa mini kafin ƙafata ta tambaya. A kan kwana kuma wani mai gyaran takalmi ne a ƙarƙashin lema, da rediyonsa da ba ya rufe baki.

Na yi masa sallama, na tambaye shi aiki da iyali. Ya ɗago ya ce, "Baba, daga ƙauye kake ko?"

Na ce, "Ta ina ka gane?"

Ya ce, "Ka gaishe ni, kuma ba takalmi ka kawo ba."

Na ce ƙwarai baƙauye ne ni, gaba da baya, kuma abin da na noma shi yake ci. Ya jawo mini benci. Ya laƙaba mini Baban Ƙauye, ban kuma ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa.

Na dawo na tarar Auta a bakin ƙofa da kumfa a hannu, ido ya yi ja. Ban ba ta haƙuri ba. Na dai miƙa mata burodi mai zafi.

Lahadi, 23 ga Maris

Ashe bin bayana take yi. Duk sanda na fita, sai ta bar tazara ta biyo ni kamar ɓarauniya. Yau na tsaya cak a gaban mai walda, ban juya ba, na ce, "Auta, ko ki canza turare ko ki koma gida."

Ta ce, "Baba, tsoro nake ji."

Na ce ni ma haka na ji ranar da ta fara tafiya makaranta ita kaɗai, amma ban bi ta ba. (Na bi ta. Wannan ba sai ta sani ba.)

Ta koma.

Laraba, 2 ga Afrilu

An ɗauke ruwan famfo tun safe. A garinmu rijiya ba ta tafiya hutu.

Laraba, 9 ga Afrilu

Yau a rubuta da manyan baƙaƙe: na je asibiti ni kaɗai, na dawo ni kaɗai.

Mai gyaran takalmi ya nuna mini inda bas ke tsayawa, daidai gaban lemarsa ne. Masu bas a nan ba sa ɓoye inda za su, ihunsa suke yi, ba sai ka karanta komai ba. Da muka hau gada na ji ƙarar taya ta canza, na san saura kaɗan. Warin asibiti kuwa ba ya ɓuya.

Likita ta ce awon ya yi kyau, idon ya tsaya inda yake. Ta leƙa bayana ta ce, "Ina mai rakiyar?" Na ce ga shi nan a zaune gabanta. Ta yi mini faɗa, amma na ji murmushi a muryarta.

Birni dai hayaniya ce da hayaƙi, ban canza ra'ayi ba. Sai dai komai nasu yana da baki da gefe: titi na da gefe, gini na da kusurwa, kowane shago da kukansa. Wannan ba yabo ba ne, lura ce kawai.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ƙanena Dogo ya kira. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa na sharar gona. Na ce wa Auta farkon wata zan tafi.

Ta ce awon fa? Na ce zan riƙa zuwa. Ta ce wa zai ɗiga mini magani? Na ce wa ke ɗiga mini yanzu? Sai ta ce, "A nan ka san hanya, Baba."

Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai. A can aka haife ni. Ba kunyar da ban sani ba a gonar nan, ba itacen da ban san ranar da aka dasa shi ba. Ni za a ce na fi sanin layin masu walda?

Mai gyaran takalmi ya ce zai ajiye mini bencina. Na ce ya sayar da shi.

Litinin, 5 ga Mayu

Gida! Iska ta shiga ƙirjina har ƙasa. Ba hon, ba mai taka kaina. Na sha ruwan rijiyarmu na ji kamar an wanke ni daga ciki. Wanda bai taɓa jin ƙamshin ƙasa tana jiran ruwa ba, bai san abin da ya rasa ba.

Gari ya zo gaisuwa. Abu ɗaya dai: kowa sai ya rage murya ya ce, "Sannu, Malam. Ya idon?" Kamar an yi rasuwa. Matar Dogo kuma duk inda na nufa sai ta riga ni, tana kwashe kujeru da bokitai daga gabana. Yanzu ban san inda komai yake ba a gidana.

Asabar, 10 ga Mayu

Zan rubuta yadda abin ya faru, sau ɗaya, ba zan sake ba.

Da hantsi na tafi gona ni kaɗai. Na bi hanyar rijiya, na saita tsamiyar da ke tsakiyar gonata, na isa lafiya. Na durƙusa na damƙi ƙasa. Tana nan yadda na bar ta, ta ma fi kyau. Na daɗe ina zagayawa, ina tsara inda masara za ta zauna da inda wake zai bi. Raina fes.

Da na miƙe zan koma sai na nemi tsamiyar na rasa. Na juya kaɗan-kaɗan, ba ta shigo cikin bututun ba. An share gonaki duka, ba kara ba ciyawa, ko'ina ƙasa ce launi ɗaya har inda sama ta sauko. Hadari ya rufe rana, ban san gabas ba. Na miƙa hannu. Ba katanga. Na kasa kunne. Ba walda, ba rediyo, ba kowa, shirun nan da nake yi wa mutanen birni gori da shi ne kawai.

Na zaɓi wani ɓangare na yi ta tafiya. Na faɗa wani rami, na tashi. Na tsinci wata tsamiya, na shafa ta, ba tawa ba ce. Ban yi kira ba. Wa zan kira, in ce me? Malamin gona ya ɓata a gona?

Dogo ne ya same ni, can wajen gonakin ƙauyen gaba. Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya kakkaɓe mini riga ya ce, "Yaya, mu je gida." Sai ya kama bakin sandata ya yi gaba. Bai yi da wata manufa ba, hannunsa ne ya tuna yadda muke yi wa mahaifinmu.

Na bi shi.

Da muka zo rijiya mata suka yi tsit, guga ma ta daina ƙara. Na ji wata ta ce, "Allah sarki, Malam." Sai da muka wuce na gane kaina a sunkuye yake.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka. Ban fita ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Mutanen nan suna ƙaunata, shi ne abin da ya fi ciwo. Sun san ni da ido biyu, duk wanda ya kalle ni abin da na rasa yake gani. Mai gyaran takalmi bai taɓa ce mini "Allah sarki" ba. Shi a haka ya san ni, tsoho mai sanda da baki.

Na ce wa Dogo ya noma gonar bana. Bana kawai. Na nuna masa irin da na ajiye, na gaya masa kada ya kuskura ya sa masara a gangaren nan mai riƙe ruwa. Ya ce, "Yaya, ka zauna mana, ga yara, duk inda kake so a kai ka." Na ce ai lokacin awon ido ya yi, likitar nan kuma ba ta da wasa.

Ƙauye ya fi birni. Wannan ko gobe aka tambaye ni haka zan ce.

Litinin, 19 ga Mayu

Ban gaya wa Auta ranar da zan zo ba, don kada ta zo tarya. Daga tasha na bi ihun masu bas, na hau wadda ta dace. Gada ta yi ƙararta. Tun kafin a buɗe ƙofa na jiyo rediyon nan mai surutu, sai na ji kafaɗuna sun sauka, ban san dalili ba. Gajiyar mota ce wataƙila.

Bencin na nan, bai sayar ba. Ya ce, "A'a! Ɗan birni ya dawo!"

Na buɗe baki in ba shi amsar da ta dace da shi, sai ƙamshin burodi ya taso, na ce bari in hanzarta kafin mai zafin ya ƙare. Zan rama gobe.

Kwalbati, burodi, walda. An tona wani rami kusa da mai walda ba a sa komai a bakinsa ba, na tsaya na yi wa masu tonon tas. Haka ake yi a layinmu? Suka ba ni haƙuri, suka ɗora katako.

Sai katangar makaranta. Rana ta gasa ta, ɗumi gare ta. Na ɗora hannu, na ɗaga kai, na taho.

Auta ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallona, sannan ta leƙa bayana. Ta ce, "Baba, wa ya kawo ka?"

Na ce, "Ni."