Na Ɓoye Sunansa, Na Bayyana Tsagarsa

Daga wani dattijo, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Ni mutum ne da aka saba zuwa wurinsa neman shawara, ban saba nema ba, amma yau ga ni gabanku, ko da yake da yawanku na yi jika da ku. Don Allah ku karanta har ƙarshe, sannan ku ba ni shawara.

Shekaruna sun kusa casa'in. Na yi aikin jarida, na yi na gwamnati, na yi ritaya ba a taɓa tuhumata da komai ba, kuma ina alfahari da haka. Abin da zan faɗa ya faru ne 'yan shekaru kafin mulkin kai, ina sabon wakilin wata jaridar Hausa. Edita ya haɗa ni da wata ƙungiyar soja da ke rangadi a bakin iyakar Jibiya, in zauna da su ina aiko labarinsu. A tantinsu nake kwana, tuwonsu nake ci, amma duk abin da na rubuta sai kyaftin ɗinsu, wani Bature mai jin Hausa, ya duba tukuna. In na ce ƙafafun soja sun kumbura ya soke, in na ce suna kewar gida ya soke, ba abin da ke isa wurin edita sai fareti da tsabtar kaki. Na ƙosa in rubuta abin da za a tambayi wanda ya rubuta shi.

Akwai wani saje a cikinsu, tsohon sojan Bama, da ya ɗauke ni kamar ƙanensa. Shi ya ce mini in labarin yaƙi nake so, akwai mutum a wani ƙauye wajen Riko, amma amana ce. Zan kira mutumin Tanko. Daga bayan Maraɗi yake, Faransawa suka ɗauke shi soja suka kai shi yaƙin Aljeriya. Da aka ba shi hutu ya zo gida sai ya ƙi komawa, ya tsallako wajen dangin uwarsa, ya yi aure, ya kama noma. Kwana uku ina zuwa gonarsa, muna zama a gindin tsamiya, matarsa tana kawo mana fura da jaririya a goye.

Ya ba ni labarin sanyin duwatsu, da yunwa, da yadda ake tura baƙaƙen soja gaba. A rana ta uku ya gaya mini abin da ko matarsa ba ta sani ba. Sun shiga wani ƙauye bincike, wani tsoho ya fita da gudu, ofisa ya ce ya harbe shi, ya harba. Da ya je ya juya shi sai ya tarar da carbi a hannunsa, yana kalmar shahada, numfashi ya yanke masa a tsakiya, Tanko ne ya ƙarasa masa ita. Ya ce tun ranar, in ya zauna tahiya a salla muryar tsohon yake ji. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, rubuta abin da kaka so, amma kak ka hwaɗi sunana. Ina da ɗiya."

Ban faɗi sunansa ba. Ban faɗi ƙauyensa ba. Zancen tsohon ma na bar shi a littafina ban aika ba, ina ganin na yi masa gata. Sai dai a makaranta an koya mana cewa gwanin marubuci shi ne mai sa ka ga mutum kamar yana gabanka. Saboda haka na zayyana fuskarsa, na ce yana da tsagar Gobirawa, da wani tabon ƙarfen bam da ya ratsa tsagar kuncin hagu. Ni ɗan ƙasar nan ne, na san fuskar mutum ita ce takardar shaidarsa, amma daɗin rubutu ya rufe mini ido. Kyaftin bai soke ko harafi ba, tunda Faransawa labarin ya kunyata ba su ba.

A zamanin, jarida ba mutum ɗaya ke karanta ta ba. Ranar kasuwar Jibiya mai ilimin boko zai zauna a rumfa ya ɗaga murya, jama'a su kewaye shi, da yawansu fatake ne daga ƙetare. Ni da kaina na tsaya a bayan taro ina sauraro, har na ji wani ya ce ai wannan ɗan gidan wane ne. Wallahi a lokacin na ɗauka yabo ne ga alƙalamina.

Ba a yi wata ba aka aiko wa Tanko cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Ya ce wa matarsa kwana biyu zai yi, ya tsallaka da ƙafarsa kowa yana gani, bai dawo ba. Daga baya Saje ya ji a bakin wani ma'aikacin duwan, wato kwastan na ƙetare, cewa tsohuwar lafiyarta lau, jandarmomi ne ke jiransa, kuma an ga jaridar a hannun tafintan kwamandan Faransawa. Saje ya gaya mini haka a tsaye, bai ƙara yi mini magana ba har muka rabu. Abin da aka yi wa Tanko ban sani ba har yau. Ban koma ƙauyen ba. Fiye da shekara sittin ke nan, in na haɗu da mai tsagar Gobirawa sai na duba kuncinsa na hagu.

Makon jiya wata baiwar Allah mai kimanin shekara saba'in ta yi sallama a gidana. An gaya mata akwai tsohon da ya yi yawon iyaka da soja a zamanin da. Ita ce jaririyar nan. Ta ce a garinsu abin da aka sani shi ne ubanta ya gaji da su ya koma ƙasarsu, da gorin haka ta girma, mahaifiyarta kuma ta rasu ba ta yafe masa ba. Ta ce ita ba gado take nema ba. "Baba, ni dai so nike in sani, in na ɗaga hannu ina addu'a, in sa shi ciki ko in bar shi?" Na ce mata zan duba tsofaffin takardu, ta dawo Lahadi mai zuwa. Alhali littafin yana cikin akwatin da ke bayan kujerar da ta zauna.

Na shawarci babban ɗana, muka yi saɓanin da ba mu taɓa yi ba. Ya ce in ƙone littafin, tone-tone ba ya ta da matacce, kuma in tuna da mutuncin gidanmu. Na ce masa mutuncin da aka gina a kan shirun wani ba nawa ba ne. Ya ce to in gaya mata an kama uban nata, in tsaya nan. Wannan ya fi sauƙi, na sani. Amma na taɓa zaɓar abin da zan faɗa da abin da zan ɓoye game da mutumin nan, kun ga inda zaɓina ya kai shi.

To jama'a, me zan yi? In na ce an yaudare shi ne, za ta tambayi wanda ya tona shi, ni ne. In na miƙa mata littafin, za ta ga maganar da ya yi a kanta, za ta kuma ga tsohon da ya harbe, sirrin da bai ba ni don in ba ta ba. In na yi shiru, za ta ci gaba da tsallake shi a addu'a, ni kuwa ba ni da tabbacin ganin wata Lahadin bayan wannan. Musamman ku da kuka tashi ba uba, ina roƙonku ku gaya mini, da ku ne za ku zauna a gabana ranar nan, har ina za ku so in kai?